Babu Sunan Nita a Murfin Akwati

SHAFI NA 19

Silifas ɗin da ke ƙafar Tita Nita ba iri ɗaya ba ne. Na dama shuɗi, nata. Na hagu ruwan hoda, na marigayiya Tita Salud. Shi Amihan ta fara gani da ta sauko daga motar haya a bakin layin.

Sai daga baya ta lura da abin da matar ke yi. Wasu tsofaffi biyu 'yan ƙungiyar addu'a ta coci ta rako har bakin titi, tana riƙe musu lema saboda yayyafi.

Amihan ta ja ta tsaya.

A al'adar garin nan, a gidan da gawa ke kwance, dangin mamaci ba sa raka baƙo. Ba sa shara, ba sa ɗaukar akwati ranar binnewa. Aikin maƙwabta ne wannan, da 'yan aiki.

"Tita," ta kira ta, kamar yadda ake kiran manyan mata a garin.

"'Yar jarida, kin iso."

"Wa ya sa ki rakiya?"

"Rogelio. Wai ƙafata ta fi ta kowa sauri."

"Amma ai ke..."

"Ni ce wa?" in ji Tita Nita, tana naɗe lemar. "Faɗa mini, ke da kika yi jami'a."

Amihan ta sunkuyar da kai.

Shekara talatin da wani abu Tita Nita da Tita Salud suka yi a ɗaki ɗaya, a saman gidan burodinsu. Salud ke kwaɓi, Nita ke rabawa a kekenta mai ƙafa uku. Shekara biyu da suka wuce suka ci ado suka tafi ofishin rajista neman takardar aure. Aka hana su, suka kai ƙara. Ran Litinin Salud ta faɗi a gaban tanda, ba ta ƙara tashi ba. Washegari ƙaninta Rogelio ya iso daga Manila, kuma sa hannunsa asibiti suka nema kafin su ba da gawa. Nita a benci ta jira.

"Lauya ta kira ni da safe," in ji Tita Nita.

"Me ta ce?"

"Lauyan gwamnati ya nemi a kori ƙarar. Wai mutum biyu ke neman aure, ɗaya ta mutu, ba sauran magana. Litinin mai zuwa alƙali zai zauna."

"Shi ke nan?"

"Ta ce saura ƙofa ɗaya. In alƙali ya yarda maganar ta shafi jama'a, ba mu biyu kaɗai ba, yana iya ci gaba da saurare." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Kin san abin da na gwamnatin ya rubuta? Wai wace jama'a? Shekara biyu ana shari'a, ba jaridar da ta buga layi ɗaya, ba rediyon da ya ambata."

Amihan ta kau da ido. Kowane zaman kotu tana can, a bencin baya, da ɗan alƙalaminta. Kowane zama sai ta rubuta labari ta tura wa edita. Ko ɗaya bai fito ba.

"Da yamma kuke rufe jaridar gobe, ko?"

"E, Tita."

"Ba dogon labari nake so ba. A ce Salud ta rasu ta bar matarta Nenita, kuma suna kotu. Lauya ta ce ko wannan kaɗai ta samu, za ta ɗaga shi a gaban alƙali." Ta nuna rumfar da aka kafa a gefen gida da haɓa. "Ga mai gidanku na ofis can yana karta. Allah ya kawo miki shi har gida."

Wasu baƙin suka miƙe za su tafi. Tita Nita ta buɗe lema ta bi bayansu.

Amihan ta shiga falo.

Farin akwatin na tsakiyar ɗaki, tsakanin dogayen fitilu biyu. Tita Salud na kwance ƙarƙashin gilashi, an shafa mata jan-bakin da ba ta taɓa shafawa ba a rayuwarta. An ɗaga murfin, an jera zirin fararen ƙyallaye a cikinsa, kowanne da sunan ɗan uwan da mamaciya ta bari.

Amihan ta bi su da ido. Rogelio. Matarsa. 'Ya'yansa. 'Yan uwan da ke Kanada, waɗanda rabonsu da garin tun ba a sa kwalta ba. Har da jaririn da aka haifa watan jiya, wanda Salud ba ta taɓa gani ba ko a hoto.

Ta sake bi daga ƙasa zuwa sama.

Wani hannu ya damƙi gwiwar hannunta. Mahaifiyarta ce, da carbin rosari naɗe a yatsu.

"Kin gama karatun?"

"Nanay, babu sunan Tita Nita."

"Na gani. Kowa ya gani. Zo nan."

Ta ja ta bayan labule, inda aka tara kwalayen biskit.

"Kada ki fara abin da ba za ki iya ƙarasawa ba."

"Ni me na fara?"

"Mutane na magana. Duk zaman kotu kina can. Ba 'yar uwarki ba, ba malamarki ba. Jiya a kasuwa mai kifi ta tambaye ni lafiyar Jessa."

Amihan ta leƙa ta gefen labule, ko wani na ji.

"Haya muke rabawa da Jessa, Nanay. Ɗaki a birni tsada."

"Haka Salud ta gaya wa uwarta."

A waje wani ya buga karta a tebur, aka kwashe da dariya.

"Ban tambaye ki komai ba," in ji Nanay a hankali. "Kuma ba zan tambaya ba. Ke ma kada ki ba ni amsa a gaban mutane."

Ta saki hannun, ta koma wajen masu addu'a.

Amihan ta daɗe a bayan labulen. A ofis ma ba ta iya magana da edita baki da baki. Yana tebur ɗaya da ita amma saƙo take tura masa. Ta goge tafin hannunta a siket, ta fita rumfa.

Yallaɓai Dindo, editan, na zaune da kofin kofi a gabansa, tumbinsa ya tokare tebur. Rogelio na gefensa. Tare suka yi makarantar sakandare.

"A'a, ga shiru-shirun ofishinmu," in ji edita. "Mutumina, wannan in ta yi magana sau biyu a mako sai mu yi biki."

"Yallaɓai, ina son ganinka."

"Ga ni, ai ban ɓuya ba."

"A gefe."

Ya kife kartarsa, ya gargaɗi Rogelio kada ya leƙa, ya biyo ta har ɗakin tanda. Tandar ta huce. Buhunan fulawa na jingine, ƙamshin yis bai bar wurin ba.

"To, ina ji."

"Wa ya hana?"

"Hana me?"

"Labaraina. Na shari'ar su Tita Salud." Ta ci gaba kafin ya yi magana. "Mai jarida ne? Ko daga coci aka kira ka? Ko masu talla ne suka ce za su janye? Ka gaya mini kawai, in sani."

Ya dube ta kamar ta yi masa wani yare.

"Wace shari'a?"

"Yallaɓai."

"Wai sun kai ƙarar da gaske? Na ɗauka barazana ce irin ta tsofaffi."

"Shekara biyu nake turo maka."

Ya zaro waya, ya sa tabarau a kan hanci, ya rubuta sunanta. Saƙonninta suka jeru. Ta leƙa. Na gyaran gada, ya buɗe. Na farashin shinkafa, ya buɗe. Na kotu kuwa suna nan da ɗan ɗigonsu a gefe, kamar yadda ta turo su.

"Kin gani," ya ce, ba tare da wata kunya ba. "Ban buɗe ba."

"Ko ɗaya?"

"Yarinya, saƙo nawa kike zaton ke shigo mini? In na ga kotu a kan labari, na ga auren jinsi, sai in wuce. Wa zai karanta? Tsofaffi biyu da lauya a ɗakin da fanka ba ta aiki. Ba faɗa, ba gawa, ba hoto."

"Yanzu akwai gawa."

"Shi ya sa na zo."

Amihan ta dafa buhun fulawa. Duk tsawon lokacin nan maƙiya take lissafawa. Ta zargi mai jarida, ta zargi limamin coci, ta daina sayen magani a kantin da ya fi ba su talla. Tana kwance tana shirya abin da za ta faɗa ranar da ta gano wanda ya toshe. Ashe ba wanda ya toshe. Ba wanda ya damu har ya kai ga toshewa.

"Kada ki yi mini wannan fuskar," in ji shi. "Ni ba ni da matsala da mutanen nan. Mai yi mini aski ɗan daudu ne, kuma ba wanda nake bari ya taɓa kaina sai shi. Gasar kyau ta 'yan daudu fa? Duk bikin gari a shafin farko muke sa ta, da hoto mai launi. Wace jarida ke musu haka?"

"Wannan dariya ake yi."

"To, mutane dariya suke so."

"Litinin za a kori ƙarar. Lauyan gwamnati ya ce ba wanda ya buga, don haka ba ruwan jama'a."

"Ya ce haka?" Ya ɗaga gira. "Ya ambaci sunan jaridarmu?"

"A'a."

"To, da sauƙi."

Ya mayar da hankali kan wayar, ya juyo mata da ita.

"Dubi nan. Rabin shafi na ware wa Salud gobe, ni da kaina na rubuta. Da burodinta na girma. Kin ga hoton?"

Su biyun ne a gaban tandar nan. Salud da fulawa har goshi, Nita ta rungumo kafaɗarta tana dariya, haƙorinta na gefe babu.

"Saura abin da za a sa a ƙarƙashi."

"Ka sa matarta," in ji Amihan da sauri, kafin tsoro ya riga ta. "Salud da matarta Nenita, waɗanda ke neman kotu ta amince da aurensu. Shi ke nan, Yallaɓai. Layi ɗaya."

Ya sosa haɓa.

"Ba aure a takarda."

"Shi suke nema."

"Hmm." Ya ɗan yi tunani, irin tunanin mai zaɓen abin da zai ci da rana. "Ni ban san su ta nan ba. Ke kika san su. In kin tsaya a kai, da sunanki a ƙasa, zan sa. In an zo da faɗa, ke za a nema."

"Na tsaya."

"To, mu je in gaya wa Rogelio. Ba na son mutumina ya gani a jarida ya ce na ci amanarsa a gidan makoki."

"Ba sai ka..."

Ya riga ya fita.

A falo suka tarar da Rogelio yana gyara furanni a gefen akwati. Kujeru sun cika. Tita Nita na zagayawa da farantin kofi, tana miƙa wa baƙi. Edita bai san rage murya ba.

"Mutumina, 'yar jaridata ta ce a rubuta Nita matar Salud ce."

Masu addu'a suka tsaya a tsakiyar layi.

Rogelio ya juyo a hankali.

"Yayata ba ta taɓa aure ba."

"Haka na ce."

"Gobe za a shiga da ita coci. Kana so Fada ya karanta wannan da safe ya ce mu tsaya a ƙofa? Ba zan bari a rubuta wa yayata 'yar maɗigo a ranar binne ta ba." Ya dubi Tita Nita, ya sassauta murya, irin sassaucin da ya fi tsawa ciwo. "Nita ta yi wa gidan nan hidima, ba mai musu. Mun gode. Gobe ma ita za ta kama akwati ta gaba. Mu dangi ba ma ɗauka, ita kuwa tana da ƙarfi."

Kofunan kan farantin suka yi ɗan ƙara.

"Rogelio," in ji Tita Nita.

"Na'am, Nita."

"Da aka yanke mata yatsun ƙafa, wa ya wanke ciwon?"

"Ba yanzu ba."

"Kai duk Kirsimeti kwalin cakulan kake aiko mata. Mai ciwon suga. Ni nake raba wa yaran layi, in ce mata ka aiko da magani, don kada ta yi kuka."

"Nita, akwai baƙi."

"Na sani. Ni nake raka su."

Wata tsohuwa ta yi tari. Wani ya ja kujera.

Yallaɓai Dindo ya duba agogo. Fuskarsa ta nuna abin ya fara yi masa daɗi, kamar wasan da bai biya kuɗin kallo ba.

"To, to. Kada a yi faɗa a gaban mamaciya. Lokaci na tafiya, masu buga jarida na jira. Ga wadda ta bi shari'ar, ita za ta yanke." Ya ɗaga wayar, babban yatsansa a kai. "Amihan. Salud da wa? Faɗi in rubuta."

Duk ɗakin ya juyo.

Ta buɗe baki. Kalmar na nan, ta faɗe ta ɗazu a gaban tanda, ba ta yi nauyi ba.

"Gaskiya ka tambayi gwana," in ji Rogelio, yana murmushi. "Na ji ita ma tana da tata 'yar ɗakin a birni. Wa take da suna? Jessa?"

Daga rumfa wani ya yi dariya ta taga. Wani ya ce masa shii, shi ma yana dariya.

Amihan ta nemi fuskar mahaifiyarta. Nanay ba ta dube ta ba. Ƙasa take kallo, yatsunta sun tsaya a kan ƙwayar carbi ɗaya, sun yi fari don matsa. Matan ƙungiyar addu'a da ke zaune gefe da gefenta kuwa ita suke kallo, ba Amihan ba.

Nanay ce ke karanta littafi a coci ran Lahadi. Nanay ce ke da tebur a kasuwa, tsakanin mai kifi da mai kayan miya. Amihan da yamma za ta hau mota ta koma birni.

"Muna jira, 'yar jarida," in ji edita.

Tita Nita na tsaye da farantin. Ba ta roƙa da ido ba, ba ta gyaɗa kai ba. Jira kawai take, irin jiran da Amihan ta sha ganin ta yi a bencin kotu.

"Aminiyarta," in ji Amihan.

"Me? Ɗaga murya, ke kullum kamar sauro."

Ta ɗaga murya.

"Aminiyarta."

"Yauwa." Yatsansa ya motsa. "Salud da aminiyarta Nenita. Kin ga ko? Ba wuya."

"Maganar kotun fa?" Da ƙyar ita kanta ta ji muryarta.

"In aminiya ce, kotun me kuma?"

Ya danna. Wayar ta yi ɗan ƙaran da take yi in saƙo ya tafi. Ya sa ta aljihu, ya dafa kafaɗar Rogelio.

"Mutumina, mu koma. Na san ka leƙa kartata."

Suka fita. Mai jan addu'a ta nemo inda ta tsaya, sauran suka amsa. Nanay ta amsa da ƙarfi fiye da kowa.

Saura kofi biyu a farantin. Tita Nita ta miƙa ɗaya wa tsohuwar da ta yi tari, ta jira ta karɓa da kyau. Ta miƙa na biyun wa direban Rogelio. Ta jingine farantin a bango.

Ta je gaban akwati. Wani yaro ya bar shatin yatsunsa a gilashin, daidai saitin fuskar Salud. Ta kama bakin rigarta ta goge, a hankali, har ya fita. Ba ta dubi murfin ba.

Sannan ta kwance igiyar da ke wuyanta, mai makullin gidan burodi da na keke, ta ajiye a kan gilashin.

"Tita," in ji Amihan.

Ta wuce ta gabanta, kusa har Amihan ta ji ƙamshin fulawa a rigarta.

"Tita Nita, tsaya in..."

Hannun Nanay ya sake damƙe ta, wannan karon a wuyan hannu.

Ta ƙofa Amihan ke hango ta. Yayyafin ya zama ruwa. Tita Nita ta ratsa rumfar masu karta, ba wanda ya ɗaga kai. A bakin titi ba ta yi dama ba, inda coci da maƙabarta suke. Hagu ta yi, hanyar tashar mota.